Ɗingishin da Na Aro a Wurin Kawu

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko a cikin jirgi bayan kun bar tashar Malam Madori, ko sai kin sauka kin ajiye akwati. Da gangan na cusa ta cikin sallayarki, don na san ita za ki fara nema. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare hanya, ya haɗa ki da abokan zama na gari.

Kwana ukun nan gidan cike yake da masu zuwa sallama, ban sami zama da ke ba. Ko da na samu ma, akwai maganar da ido ba ya barin baki ya faɗa tsakanin uba da 'ya. Amma ina zaure ina jin abin da kowa yake gaya miki, tun daga gwaggonninki har maƙwabta: karatu aka tura ki, daga aji sai ɗaki, kada ki shiga wata ƙungiya. Na hango ki kina gyaɗa kai. Mutane da yawa sun ɗauka jami'a kashi biyu ce, aji da laburare na masu hankali, sauran kuwa, su muhawara da wasan kwaikwayo da wasanni da fita ƙauyuka lokacin hutu, na 'yan shiririta. Akwai kuma masu ganin cewa duk ɗalibin da ya fita aikin taimakon jama'a ya gama zama mutumin kirki, ba sai an duba yadda ya yi aikin ba. Ni ubanki na faɗa ramukan nan biyu ɗaya bayan ɗaya. Na farkon ni kaɗai ya cuta. Na biyun kuwa ya taɓa mutuncin mutumin da ya fi kowa yi mini alheri a duniya, Kawu Zubairu, ƙanen Innata wadda kike ɗauke da sunanta. Ban taɓa ba ku labarin ba. Yau zan ba ki.

Kina ƙarama ƙwarai lokacin, ba za ki tuna ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka zaɓe ni cikin malaman da za su je jami'a kwas na shekara uku. Na tafi da gemuna da iyalina a baya, na tarar da yara waɗanda wasunsu na isa in koyar. Jami'ar sabuwa ce, itatuwan da aka dasa ko inuwa ba su fara ba. Ba kamar yanzu ba da yayanki ke ba mu labarin kowane ɗaki da rediyo mai kaset, wasu ɗaliban har da babur. Mu kekuna uku ne a dukan ɓangarenmu, kuma kowa ya san masu su. A bakin ɗakin cin abinci akwai wani dogon allo da ake manna sanarwa: yau muhawara, gobe majigi, jibi ƙwallo tsakanin ɓangarori, ga masu neman waɗanda za su koya wa ma'aikatan kicin karatu da yamma. Nakan wuce allon nan kamar mai azumi ya wuce mai tuyar ƙosai. Na ce a raina ni babba ne, ba wasa ya kawo ni ba.

Zangon farko ya ƙare ban san sunan mutum goma ba. Rannan aka ce kowa ya tashi ya yi bayanin minti biyar a gaban aji kan abin da muka karanta. Na fi kowa sanin littafin, har shafukan na haddace. Da na miƙe sai harshena ya yi nauyi. Na saba tsayawa gaban yara, waɗanda ba sa musu. Gaban tsarana masu iya ce mini ba haka ba ne, ban taɓa tsayawa ba. Wani yaro da bai karanta rabin abin da na karanta ba ya tashi ya yi magana tiryan-tiryan, ya amsa tambaya, ya yi raha, ya zauna. Da na bincika sai aka ce ɗan ƙungiyar muhawara ne.

Saboda haka, Uwata, kada ki yarda da masu cewa ilimi a littafi kaɗai yake. Littafi zai ba ki abin faɗa. Yadda za ki faɗe shi a gaban wanda bai yarda da ke ba, da yadda za ki sha kaye ki gaisa da wanda ya kayar da ke, da yadda ake raba aiki tsakanin mutum bakwai masu ra'ayi bakwai, waɗannan sai a cikin mutane. Duk abin da na yi amfani da shi na riƙe makaranta shekarun nan, rabinsa bayan an tashi daga aji na koye shi.

Wanda ya fitar da ni daga ƙangin nan kin san shi, Baba Bitrus ne na ofishin ilimi, wanda yake kawo muku dankalin Turawa duk sanda ya dawo daga garinsu a Filato. Ɗakinmu ɗaya a lokacin. Shi kuwa babu inda ba ya: yana waƙa a cocinsu, yana tsaron gida a ƙwallo, yana ƙungiyar wasan kwaikwayo. Kullum ya dawo ya tarar da ni a kan tebur sai ya tambaye ni ko an ɗaura mini aure da littafin ne ba a gayyace shi ba. Wata rana ya ce mai jan labulensu ba shi da lafiya, in zo in riƙe musu igiya kawai, ba sai na buɗe baki ba. Na je don kunyarsa. Mako biyu ina jan labule, sai ga ni na haddace maganar kowa. Ranar da wani bai zo gwaji ba aka ce in tsaya a madadinsa. Na tsaya, na yi magana biyu, aka yi dariya.

Har yanzu ina kewar yammacin nan. Ɗakin taro mai warin fenti, an jera kujeru a gefe, mu goma sha wani abu daga Barno da Sakkwato da Kabba da Binuwai, ana gardama kan yadda Bafulatani yake riƙe sanda, ana cin gyaɗa, Hausa iri biyar tana karo da juna. A nan na fara jin ana tsokanata da Hausar Haɗejiya, ni ma na koyi ramawa. Ƙasar sabuwa ce, mu ma muna jin kanmu sababbi, muna ganin babu ciwon da ba za mu warkar ba in dai an ba mu dandali.

A shekara ta biyu muka shirya wasa kan kurkunu. Ke kin tashi a gari kina shan ruwan famfo, amma kin ga masu shi a ƙauye: tsutsar nan mai kama da zare da take fitowa a ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, mutum yana kwance daidai lokacin noma. Ɗaliban likitanci suka bayyana mana cewa daga ruwan tafki ake shan ta, kuma tace ruwa da ƙyalle mai tsabta yana hana ta. Muka ce wannan magana ai ta dandali ce. Aka tsara labarin wani tsoho mai taurin kai, aka sa masa suna Ƙi-Faɗi, wanda ake cewa ya tace ruwa yana ƙi, har kurkunu ya lalata masa ƙafa. Aka ba ni shi.

Na rasa yadda zan yi tafiyar gurgu ta yi kama da gaske. Sai na tuna Kawu. Gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, in zai taka sai ya jefa kafaɗar dama gaba, ya jawo ƙafar a kaikaice kamar mai share ƙasa. In zai yi magana kuma sai ya yi gyaran murya sau biyu ya ce, "Ka ji ko, ɗan nan." Na kwashe duka, tafiyar da gyaran muryar da kalmar, na ɗora wa Ƙi-Faɗi. Ban ji ina yin wani laifi ba. Kawu yana can bayan Auyo, mu muna nan, wa ya san shi? Ranar da muka nuna wasan a jami'a, ɗakin ya kusa tsagewa. Washegari har malamai suna tare ni a hanya suna cewa in ɗan taka musu.

Ki kula da wannan. Tafi da dariyar jama'a suna da zaƙi, kuma suna bugarwa. Za ki shiga ƙungiya, wata rana a yaba miki, ki ji kamar ƙafarki ba ta taɓa ƙasa. A ranar ki tsaya ki tambayi kanki da kayan wa kika yi adon. In kin ɗauki halin wani ko maganarsa ko ciwonsa kin kai dandali, ko cikin muhawara, ko cikin 'yar jaridar ɗalibai, ki auna: da yana zaune a sahun gaba, zan iya? In ba za ki iya ba, nisan garinsu ba hujja ba ce.

Da dogon hutu ya matso, ƙungiya ta yanke shawarar kai wasan ƙauye, inda masu ciwon suke. Ni na miƙe na ce a zo garinmu. Na aika wa Kawu saƙo ta bakin wani mai zuwa cin kasuwar Auyo cewa ina tafe da baƙi takwas. Ban tambayi kowa ko lokacin ya dace ba, na duba kalandar makaranta kawai. Ashe mun faɗo tsakiyar cikar ruwa. A shekarun nan, kafin a datse kogin daga sama, in ruwa ya zo ba ka ganin iyakarsa. Daga Auyo zuwa garinmu babu hanya sai kwalekwale, kana ratsa bado da kan shinkafa, tsuntsayen kirinjijiya na tashi garke-garke. Abokaina 'yan tudu suka tsaya a gaɓa suna kallon juna.

Sai ga Kawu da kwalekwale biyu, nasa da wanda ya aro. Ya sa rigarsa ta sallar Juma'a don tarar baƙi. Daga baya na ji cewa kwana huɗu ya yi yana bin gida-gida da ƙafar nan tasa, da goro a aljihu, yana gaya wa mutane ɗan 'yar'uwarsa na jami'a zai zo da abokansa su nuna abin ilimi, kowa ya daure ya baro gona da wuri. Shi ya je wurin Bulama, mai garinmu, ya nemi izinin dandali. Shi ya sa aka dafa shinkafa da kifi.

Yana saukowa daga kwalekwalen ya taho gare mu, Bitrus ya damƙi hannuna. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wannan ai tafiyar Ƙi-Faɗi ce." Na ce e, a wurinsa na gani. Ya ce lalle in canja, in yi ɗingishin dama ko in riƙe ƙugu, in bar gyaran muryar nan. Na ce masa ya yi latti, jikina ya riga ya saba, kuma mutanenmu sun san wasa. Ya ce shi baƙo ne, amma a garinsu ba a yin haka. Na yi dariya na wuce.

Na san kuma ƙarya nake yi wa kaina. Mutanenmu sun san wasa, amma sun san da wa ake yin sa. Da kakana ne, sai a ce jika ne yake tsokana. Da ɗan Kawu ne, taubashina, ko a kasuwa na kwaikwaye shi babu mai ɗaga ido. Kawu ba abokin wasa ba ne. Tun da mahaifina ya rasu ina ɗan shekara shida, shi ne uba. A cikin kwalekwale ya tambaye ni me za mu nuna, na ce, "Sai ka gani, Kawu." Ya yi murmushi ya ci gaba da tuƙi.

In wanda kuke aiki tare ya ja ki gefe ya ce ki dakata, ki dakata. Ba kowa ke da ƙarfin halin faɗa ba, kuma sau da yawa baƙo yana hango abin da ɗan gida ya rufe wa ido. Sannan duk abin da za ku kai wa mutane, kada ku mai da shi abin ba-zata. Ku nuna wa manyansu tukuna. Da na ba Kawu labarin wasan a cikin kwalekwalen nan, da wannan wasiƙa ba ta kai haka tsawo ba.

Bayan la'asar aka taru ƙarƙashin tsamiyar ƙofar Bulama. Maza a tabarmi, mata daga gefen zana, Kawu a gaba kusa da Bulama, yana ta nuna wa mutane inda za su zauna. Aka fara lafiya. Bitrus ya fito a matsayin malamin tsabta, Hausarsa ta ba mutane dariya mai daɗi. Sai lokacina ya yi. Na fito da sanda, na jefa kafaɗa, na jawo ƙafa. Wurin ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji a jami'a ba. Na yi gyaran murya sau biyu na ce, "Ka ji ko, ɗan nan." Wata tsohuwa daga bayan zana ta ce, "Ai Zubairu ne." Dariya ta fashe.

Wallahi a lokacin daɗi na ji. Na ƙara gishiri, na ƙara jan ƙafar. Sai can tsakiyar wasan idona ya faɗa kan Kawu. Yana murmushi, don ba zai ɓata wa baƙinsa ba. Amma na ga ya kama bakin rigarsa a hankali ya rufe ƙafar da ya miƙe. Abin da na gani ke nan, kuma shi nake gani har yau.

Aka tashi. Mun zo da ƙyallaye don nuna yadda ake tace ruwa, babu wanda ya tsaya kallo. Maganar da kowa ya tafi da ita gida ita ce ɗan boko ya kwaikwayi kawunsa. Kafin magariba na ji ana kiran sunan Ƙi-Faɗi a bakin rijiya.

Da na shiga gaida Inna, ba ta amsa ba sai da ta gama abin da take yi. Sannan ta tambaye ni ko na san inda Zubairu ya samo ɗingishin da na ara. Na ce kurkunu ne. Ta ce kurkunu ya fito wa mutum ɗari a garin nan sun warke. Shekarar da zan koma makarantar midil rubuta jarrabawa, in ji ta, tsutsar ta fito masa a gwiwa, an fara naɗe ta, aka ce ya kwanta. Ruwa ya cika, jirgin ƙasa ba ya jira, kuma ba wanda ya yarda ya bar gonarsa ya kai ni. Ya ɗaure gwiwar da tsumma ya tuƙa ni. A inda ruwa ya yi ƙasa ya sauka ya ja kwalekwalen cikin laka. Tsutsar ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura, wata uku yana kwance, da ya tashi gwiwar ta ƙage. Ina cikin kwalekwalen nan ranar, Uwata, rungume da akwatina, ina bitar lissafi. Ban lura da komai ba, shi kuma ya hana a gaya mini.

Da safe Kawu ya mai da mu Auyo. Ya yi ta hira da Bitrus kan kifi da zurfin ruwa, ya ba kowane baƙo ƙunshin bandar kifi. Da muka sauka na durƙusa zan yi sallama, ya ce, "Allah ya ba da sa'ar karatu, Malam." Tun da aka haife ni bai taɓa kirana Malam ba.

Kina tsammanin na koyi hankali? Saura kuskure ɗaya, kuma irin namu ne na 'yan boko. Kunya ta hana ni komawa. Na zauna a jami'a na rubuta masa wasiƙar ban haƙuri shafi huɗu, da kyakkyawan rubutu, na lissafa duk abin da na kwaikwaya ɗaya bayan ɗaya, tafiyar da kafaɗar da muryar, na ce na yi nadama. Na ji sanyi a raina da na jefa ta a akwatin gidan waya. Na manta Kawu ba ya karanta boko. Duk takardar da ta zo garinmu hannun malamin Bulama take faɗawa, shi kuwa a ƙofar gida yake karantawa, da ƙarfi, gaban duk wanda yake zaune. Abin da ya fara lafawa sai na sake hura shi da hannuna. Waɗanda ba su ga wasan ba ma suka ji bayaninsa dalla-dalla.

In kin ɓata wa mutum, ki je da ƙafarki. Takarda tana da amfaninta, ga shi ita nake rubuta miki, amma ba ta durƙusawa, ba ta kuma san gaban wa za a buɗe ta ba. Kuma kada ki jinkirta. Kowane mako da na ƙara, zuwan ya ƙara nauyi.

Sai lokacin yankan shinkafa na je. Ruwa ya janye, na taka da ƙafa daga Auyo. Na same shi a fadama da lauje. Na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Na tuɓe rigar makaranta na ɗauki lauje na shiga layi kusa da shi. Bai ce in bari ba, bai ce sannu ba. Ranar farko hannuna ya yi bororo ya fashe. Rana ta biyu na ji da kunnena wani mai wucewa da jaki ya ɗaga murya ya ce, "Ƙi-Faɗi, barka da aiki," Kawu kuma ya amsa masa da barka kadai, bai ko ɗago ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Rana ta uku da azahar muka zauna gindin wata giyayya, aka kawo fura. Na buɗe baki zan fara jawabin da na shirya tun daga jirgi, ya ɗaga hannu. Ya ce ya riga ya ji jawabina shafi huɗu, shi da rabin gari. Ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da muka faɗa, cewa ƙyalle yana tare tsutsar. Na ce gaskiya ne, likitoci sun tabbatar. Ya dubi damman shinkafa. Sannan ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ka ji ko, ɗan nan. Da ka tambaye ni, ai da ni zan tsaya in nuna musu. Ƙafata ce. Na fi ka iya ɗingishinta."

Na yi dariya, na yi kuka, duk a lokaci ɗaya, shi kuwa ya miƙo mini ludayi ya ce in sha kafin ƙuda su riga ni.

Kuma ya yi abin da ya faɗa. Da hutu ya zagayo muka koma, ni da Bitrus kaɗai, babu labule babu sanda. Bayan sallar Juma'a Kawu ya miƙe gaban jama'a ya naɗe wandonsa har cinya, ya nuna tabon, ya ba da labarin wata ukun da ya yi a kwance ciyawa na cin gonarsa. Bai ambaci dalilin shigarsa ruwa ba. Ya ce wanda yake son irin wannan tafiya ya ci gaba da shan tafki yadda ya ɗebo. Babu wanda ya yi dariya. Aikinmu ni da Bitrus bai wuce riƙe bakin ƙyalle yana zuba ruwa ba. Ba zan ce miki kurkunu ya bar garinmu ba, har yanzu yana nan. Amma shekarar na shiga gidaje na ga randuna da ƙyalle ɗaure a baki, kuma in ka tambaya sai a ce Zubairu ne ya ce.

Ya yafe mini, wannan ba na shakka. Sunan ne bai goge ba. Da shi aka kira shi har ya koma ga Allah, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Kin sha jin masu kawo mana shinkafa da kaka suna cewa daga fadamar Ƙi-Faɗi take, kin ma taɓa tambayata ko wane ne, na ce wani tsoho ne. To yau kin sani. Ni na raɗa masa, a yammaci ɗaya, don a tafa mini.

Kada ki karanta wannan ki ce ashe gwaggonni sun yi gaskiya, gara zaman ɗaki. Da na ci gaba da zaman ɗaki da ban kunyata Kawu ba, haka ne, amma da randunan nan ma ba su sami ƙyalle ba, da ban san Bitrus ba, da kuma na dawo da takardar shaida da harshe mai nauyi. Abin da nake so ki fi ni shi ne ki shiga da ladabin da na rasa. Ku yanzu za a ba ku mota da lasifika ku fita ƙauyuka, za ku fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Mutanen da za ku tarar kuwa ba allo ba ne da za ku yi rubutu a kai. Kowane ciwo da kuka karanta a littafi, akwai mai shi a zaune cikin taron, kuma ya fi ku saninsa.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce man shanun yana cikin kwanon da aka ɗaure da jan ƙyalle, ki fitar da shi da kin isa. Ƙannenki sun fara gardamar wanda zai gaji gadonki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki kama mutuncinki, ki dawo ɗaki da wuri, ki ci abinci ko ba daɗi. Allah ya tsare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani, ya buɗe miki ƙirji, ya sa ki gama lafiya ki dawo mana lafiya.

Makon farko kada ya wuce ba ki rubuta sunanki a ƙungiya ɗaya ba, wadda ranki ya kwanta da ita, ko da kujera za ki riƙa jerawa. Ranar da kuma aka fara shirya abin da za a kai wa wasu mutane, ki ɗaga hannu ki ce ke za ki riga kowa zuwa. Ki je ba takarda ba lasifika, ki nemi wanda abin ya shafa, ki gaishe shi, ki zauna a ƙasa, ki tambaye shi yadda yake so a faɗa da wanda yake so ya faɗa. Ki gwada sau ɗaya, ki rubuto mini abin da ya ce.

Ni ne mahaifinki mai sa miki albarka kullum,
daga Haɗejiya.